Yadda Ake Cire Bututun Hayaƙin Mota Ba Tare da An Kira Maƙeri Ba

Kai mai mota, matso nan. Idan bututun hayaƙin motarka, wanda ya bi ta gefe ƙarƙashin ƙofa, ya ci tsatsa ya kafe, ya rantse shi da motar sai dai mutuwa ta raba, to ka iso inda ake maganinsa. Matakai takwas ne kacal. Ka bi su yadda na jera, na ɗaukar maka alkawari biyu: bututu zai fita, kuma ba mahaluƙin da zai gane cewa ba ka san komai a gyaran mota ba. Alkawari na biyu ya fi na farko nauyi, kowane mai mota ya san haka.

Ba a lakwal, wato makarantar boko, na koyo ba. A Tama na gani da idona, bazarar 1964, wajen Shef Barmo. Shekara shida ya yi a sojan Faransa yana wanke motocin bariki, ya dawo gida da shuɗiyar rigar aiki, da kile uku na kwance ƙusa, da ɗan Faransancin da bai cika cokali ba. Ya ce shi makanise ne, gari ya yarda, don ba wanda ya taɓa ganin wani makanisen balle ya gwada. Asalinsa ɗan gidan maƙera ne. Wansa Mato yana nan bakin wuta yana ƙera hauya da lauje, amma tun da Barmo ya dawo ya daina bi ta ƙofar maƙerar, wai gawayi yana ɓata masa riga.

Motar kuwa baƙa ce, tsohuwa, ƙirar kafin yaƙin duniya. Wani Bature mai sayen auduga a Madawa, wanda Barmo ya yi wa wankin mota bayan ya bar soja, shi ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Ita kaɗai ce mota a Tama. Ran nan Barmo ya hau kan dutse da ita a mashigin ƙorama, bututun ya lotse, bakinsa ya rufe ruf. Ka tayar da ita, ta yi tari uku ta mutu, don hayaƙi ba shi da ta inda zai fita. Maganin ba wuya a baki: a zare bututun daga wuyan da aka zura shi ciki, mota ta yi numfashi. Tsatsar shekara ashirin da biyar ce ta ce ba a isa ba.

Ana cikin haka Habila, ɗan garin da ke aiki a asibitin mishan, ya aiko da saƙo. Likita mai cire yanar ido zai tafi nan da kwana goma sha biyu, sai bayan kaka zai dawo. Dada, mahaifiyar su Barmo, shekararta huɗu ba ta ganin komai sai bambancin rana da inuwa. Asibitin tafiyar kwana uku ce a jaki, a mota kuwa rabin yini. Riƙe wannan a ranka, ga matakan.

Mataki na ɗaya: Yi alkawari inda jama'a suka fi yawa

Kada ka taɓa bututu tukuna. Da baki ake farawa.

Ranar da saƙon ya iso, Mato ya zo da jakinsa ya ɗaure a ƙofar gida, ya ce a shirya tsohuwa su kama hanya. Barmo bai amsa masa a cikin gida ba, ina amfanin magana inda ba masu ji? Sai da aka sallame azahar, mutane suna neman takalmansu, sannan ya gyara murya.

"Uwata ba ta hawa jaki ina da rai, ina da mota. Wanga aiki na yini ɗaya ne. Jibi warhaka muna asibiti."

Aka yi ta sa masa albarka. Mato ya kwance jakinsa ya tafi. Ka lura da hikimar da ke ciki: daga ranar, duk wanda ya sake ambaton jaki ya raina tsohuwa ke nan.

Mataki na biyu: Sa riga, ka zagaya

Sa shuɗiyar rigar. Shimfiɗa tabarma a inuwar gawon ƙofar gida, inda motar take, ka jera kile ukun daga babba zuwa ƙarami, ko da babu wanda ya dace da komai a jikinta. Zagaya ta hannu a baya. Tsuguna, ka leƙa, ka yi tsaki. Tsakin nan ka koye shi da kyau, shi ne rabin aikin makanise.

Idan wani ya tambayi abin da ya faru, ba shi amsa da Faransanci. Barmo ya ce wa liman "buloke", ya ce wa mai unguwa "kase", dukansu suka girgiza kai don sun ji abin ya yi tsanani. Kwana biyu ya ci a wannan mataki, ko farcensa bai yi baƙi ba.

Mataki na uku: Ba shi mai, ka ba shi lokaci

Tsatsa tana sakin jiki in ta sha mai, wannan gaskiya ne, har Turawa sun yarda. Abin da ba su faɗa ba shi ne wane irin mai, saboda haka ka shiga ɗakin matarka. Barmo ya ɗauko kwalbar man gyaɗar matarsa Lantana ya tuttule a wuyan bututun. Da bai ga canji ba ya ƙara da man shanun da ta ajiye na guzurin hanya.

"Maigida, motar ce za ta ci tuwon ko mu?" in ji Lantana.

"Ke ba ki san aikin injin ba. Sai man ya kwana uku shina shiga."

Kwana ukun nan su ne mafi daɗi a duk aikin, kana zaune a inuwa kuma ana yi maka sannu da aiki. Mai bai shiga tsatsa ba, amma cinnaku sun shiga mai. Ran na uku Barmo ya kwanta ƙarƙashin motar don ya duba, ya fito da gudun da bai taɓa yin irinsa a soja ba, yana tuɓe rigar a gaban mata masu zuwa rijiya. Idan haka ta same ka, ka ce batir ne ya ja ka.

Mataki na huɗu: Doke shi

Yanzu kana da hujjar fushi. Gudumar kirki tana maƙera, can kuwa ba ka zuwa, don haka nemi dutse. Mu mutanen Adar in an raba arziki dutse aka ba mu har ya yi yawa. Barmo ya farfasa huɗu. Ya ɗauko taɓaryar Lantana, ta tsage biyu a bugu na biyar. Bututu ya ƙara kama wuyan kam, don duk bugun da ka yi masa daga baya, cusa shi kake yi. Wannan kada ka gaya wa kowa. Ka ce Baturen ne ya yi masa walda ta mugunta kafin ya tafi.

Duk kwanakin nan Dada tana zaure, ƙunshin kayanta a ɗaure kusa da ƙafarta tun ranar alkawari, ta hana a kwance. Ba ta ƙorafi. Kullum da safe idan ta ji takunsa sai ta juyo da fuska wajen ƙofa.

"Barmo, kwana nawa sunka rage?"

"Biyar, Dada. Da sauran lokaci."

"To, madalla. An ce mini jikata ta ɗebo goshin ubanku. Ina so in gani da kaina, kada a yi wa mamaci ƙazafi."

Irin wannan magana takan sosa wa gwani rai. Sha ruwa, zai wuce.

Mataki na biyar: Kira gayya

A ƙasarmu abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, noma ne ko ɗaga jinka, gayya ake kira masa. Amfaninta a nan babba ne: a gayya ba a tambayar mai aiki ko ya san abin da yake yi, fura ake tambaya. Lantana ta wuni tana daka da taɓaryar aro. Washegari majiya ƙarfi ashirin suka hallara, da makaɗi, da Nuhu ɗan kokowa wanda ya kayar da mazan Buza da na Deule a kakar da ta wuce.

Aka kawo igiyar rijiya aka ɗaure bututun. Barmo ya tsaya gefe yana ƙirga musu da Faransanci. Suka ja. Motar ta biyo su salin-alin, bututu da komai, sai da ta kusa sumbatar katangar masallaci. Aka turo ta aka mayar.

Nan Barmo ya nuna shi tsohon soja ne. Ya ce a ɗaure motar a jikin gawo don kada ta sake bin su, ya zura wata igiyar ta tagar ƙofa da hannunsa, ya ƙulla. Makaɗi ya sauya kiɗa, ya kama kiran Nuhu da sunan kakansa. To ka san ɗan kokowa, in aka kira kakansa a gaban mata hankalinsa ya tafi kiwo. Nuhu ya naɗe igiya a ƙugu, ya kafa ƙafa, ya yi nishi ɗaya. Aka ji ƙarar da ta tayar da tantabarun unguwa, maza ashirin suka zube a kan juna.

Da aka miƙe, bututu yana nan inda yake. Ƙofar ce ke lilo a jikin gawo.

Kada ka karaya. Makaɗi bai ko tsaya ba, nan take ya juya waƙar ta koma ta wanda ya cire wa mota ƙofa da ƙugu. Aka ɗaga Nuhu sama, aka sha fura, kowa ya tafi gida da farin ciki, don ai an zo cire wani abu kuma an cire.

Mataki na shida: In an ambaci maƙeri, ka ɗaure fuska

Za a ambace shi, kuma daga cikin gidanka. Washegarin gayya Barmo ya wuni yana lallashin ƙofar ta koma, ta ƙi. Da la'asar Lantana ta kawo masa ruwa ta tsaya.

"Maigida, da an gaya wa Yaya Mato."

"Maƙerin hauya shi taɓa mini injin Faransa?"

"Ba injin ba ne, ƙarfe ne ya kama ƙarfe. Ƙarfe kuwa gidanku anka san shi." Ta rage murya. "Kwana biyu sunka rage. Ko jakin yanzu ba shi kai ta."

Barmo ya daka mata tsawa ta shige ciki, kamar yadda ya dace. Amma tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Bari in gaya maka abin da bai gaya wa kowa ba. Tun ranar farko ya san maganin. Yana ƙarami ya sha ganin ubansa yana raba ƙarfen da ya kama ɗan'uwansa, da wuta ake yi, wuta kuwa sai da zugazugi, zugazugi kuwa suna hannun Mato. Abin da ya hana shi guda ne: gari ya ga Shef Barmo, mai riga, mai Faransanci, tsaye a ƙofar maƙera yana roƙo.

Ga inda gwani yake bambanta da ɗan koyo. Ɗan koyo zai ruga maƙera a lokacin, kowa na gani. Barmo ya zauna ya yi nazari. Gobe gari cike yake da idanu. Jibi kasuwar Buza, Tama za ta watse tun da sassafe, ba za a bar kowa ba sai tsofaffi da awaki. Jibi kuma ai tana cikin kwana goma sha biyun. Sai ya jira. Yini guda cur ya zauna a tabarma yana goge kile uku, Dada tana zaure da ƙunshinta.

Mataki na bakwai: Kada ka kira maƙeri, gaya wa jakinsa

Na yi maka alkawarin ba za a kira maƙeri ba, kuma ba za a kira shi ba. Ga dabarar.

Ranar kasuwa, da ƙurar masu tafiya ta lafa, Barmo ya bi ta bayan gidaje ya ɓullo maƙera. Ya juya wa ƙofar baya, ya fuskanci jakin da ke ɗaure a turke.

"Kai jaki," in ji shi, "da mai gidanka na da gawayi da zugazugi, kuma hanya ta bi da shi ta ƙofar gidanmu, ba wanda zai hana shi tsayawa."

Jaki ya kaɗa kunne. Mato ya fito daga maƙerar da buhu a kafaɗa, a ɗaure, a shirye. Ranar kasuwa ce, ranar da maƙeri ba ya zama gida, hauyoyin da ya ƙera suna jingine a bango, amma bai je ba. Ya san ƙanensa, ya san sai yau.

A gindin gawo ya tsuguna ya dubi bututun, dubawa ɗaya.

"Ina isansinta yake?"

Barmo ya nuna masa tanki. Mato ya sa shi ya tsiyaye man a tulu ya kai can nesa. Ya kwaɓa laka ya shafe duk inda ba ya so wuta ta taɓa. Ya zuba gawayi a kasko ya tura ƙarƙashin wuyan, ya kafa bakin zugazugi, sannan ya ɗaga kai ya dubi hagu da dama. Ba kowa a unguwar.

"Hannuna biyu ne," in ji shi. "Zauna ka zuga."

Barmo ya dubi rigarsa. Ya tuɓe ta, ya ninke, ya zauna a ƙasa ya kama fatun. Shekara ashirin rabonsa da su, amma hannu bai manta ba, dama ta sauka hagu ta tashi, gawayi ya yi ja. Daga zaure muryar Dada ta fito.

"Wa ke zugan nan? Barmo ne. Har yau hannun hagunka na gaggawa."

Wuyan ya yi ja. Mato ya ce na waje ne ake so ya buɗe, na ciki ya tsuke, ya yayyafa wa bututun ruwa da tsumma, ya ƙwanƙwasa gefen wuyan da 'yar ƙaramar guduma, sau uku ko huɗu, kamar mai sallama a gidan surukai. Ya kama da awartaki ya murɗa. Bututu ya zare ya faɗi ƙasa, tsatsa na zuba.

Duk aikin bai kai dafuwar shayi ba. Kwana goma sha ɗaya da safiya guda ke nan tun ranar alkawari.

Mataki na takwas: Tantance shaidunka

Bututu ya fita, saura sunanka. Mayar da riga, ka ƙirga waɗanda suka sani. Lantana matarka ce, rufin asirinka nata ne. Mato ba mai magana ba ne, in ya yi jimla uku a yini ya yi surutu. Saura Dada, kuma a nan Allah ya yi maka gata. Mato ɗan farinta ne. Ka san kunyar ɗan fari a wajen matanmu na da: shekara hamsin da biyu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, in dole ta yi zancensa sai ta ce "wancan". Ko ta so ta faɗa, bakinta ba zai iya ba. Shaida irin wannan ba a samun ta kullum.

Suka mayar da isansi, suka ɗora tsohuwa da ƙunshinta. Mota ba bututu ta tashi da rurin da ya sa awakin Tama tsinke igiya. Mato ya zauna ta gefen da ba ƙofa, ya tokare ƙafa, ya riƙe Dada da hannu ɗaya kada rami ya jefar da ita. Barmo ya yi tuƙin da bai taɓa yi ba, yana addu'a da Hausa, Faransancin duk ya gudu.

Da la'asar suka isa. Habila ya fito da gudu da ya ji ƙarar, da ya ga ko su wane ne sai ya rage sauri. Ya durƙusa ya gaida Dada, ya daɗe yana gaisuwar.

"Inna, likita ya tashi da hantsi. Jiya har yamma shina aiki, ya yi wa mutum tara. Na ajiye miki wuri har aka rufe."

"Jiya," in ji Dada.

"Jiya, Inna."

Ta shafa ƙullin ƙunshinta. "To, Allah ya kai mu bayan kaka." Suka kwana a can, suka juyo.

Washegari da azahar suka shigo Tama, ruri ya riga su isowa, gari ya taru a gindin gawo. Aka yi jaje, aka ce haka Allah ya so. Sannan hankali ya koma kan bututun da ke yashe a ƙasa, wanda ya gagari maza ashirin da Nuhu. Mai unguwa ya taɓa shi da sanda.

"Shef, yaya ka yi da shi?"

Barmo ya gyara wuyan riga. Kunya tana cinsa, amma baki ya saba, har ya buɗe shi zai fara da "buloke". Dada tana zaune a motar, ƙafa ɗaya a waje, tana lalube ƙasa da ɗan yatsa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mato yac cire shi," in ji ta. "Ɗana Mato. Tun ran farko da an kira Mato, da yanzu ina ganinku."

Sau uku ta faɗi sunansa. Tsofaffin mata suka rufe baki da gefen zane. Mato, ƙato mai furfura, wanda tartsatsi ya gama zane wa hannu, ya tsaya da ƙunshin uwarsa a hannu ya rasa inda zai sa idonsa. Ya sunkuya ya kama hannunta, ya taimaka mata ta sauko, suka shige zaure a hankali. Barmo yana nan tsaye cikin shuɗiyar rigarsa, ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya sake tambayarsa komai.

Wanke hannu

To, mai mota, ni na fita. Na ce bututu zai fita, ya fita. Na ce ba za a kira maƙeri ba, jaki aka yi wa magana, akwai shaidu. Batun rufin asiri kuwa, ni ƙarfe na karanta, ban karanta tsofaffin mata ba, kuma ba wanda ya gaya mini cewa kunyar shekara hamsin tana iya karyewa a yini ɗaya. Saboda haka ƙofar da ta ɓalle, da taɓarya, da cizon cinnaka, da sunan Shef da aka daina kiranka da shi, duk naka ne, kada a zo mini da su. Idan kuma kana da tsohuwa a zaure da ƙunshi a ɗaure, wata bakwai na duhun da za ta ƙara ba ni na ɗora mata ba, ban kuma ce ka jira ranar kasuwa ba sai don na ga kana so.

Dada dai ta sa an aika wa Habila ya ajiye mata wuri bayan kaka. Ta ce a gaya wa Barmo kada ya wahalar da kansa, a jaki za ta tafi.